Rawar Matan Guci a Kwandon Shara

Guci, farkon Yuli

Zuwa ga taubashina Abdoul Razak, malamin ordinatar a Damagaram,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Aziza da yara. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke tashi duk sanda hadari ya haɗu. An yi shuka, gero ya fito. Inna ta ce tun da kakarka da kakana suka kwanta dama ka manta hanyar Guci. Na ce mata ba mantuwa ba ce, tsoron fartanya ne.

Kar ka yi mamakin ganin takarda. Rezo ɗinmu na waya ya lalace tun ruwan fari, ba a samu sai an hau tudun bayan kasuwa, can kuwa maza ne zaune suna sauraron hirar kowa. Maganar da ke bakina ba ta tudu ba ce. Isufu direba zai kawo maka wannan, shi zai dawo mini da amsa.

Ka san aikina, ɗaukar hoto da bidiyo a bikin mata, inda namiji ba ya shiga. Watan jiya Hajiya Yakura, matar babban mai sayen gyaɗa na garin nan, ta aurar da 'yarta. Ranar wuni aka kulle ƙofa, aka kafa kiɗan ƙwarya, mata suka ajiye mayafi da ɗankwali. Matan aure ne fa, har da waɗanda ko muryarsu ba a ji a waje. Hajiya da kanta ta yi ɗaurin ƙirji ta shiga fili. Kafin in ɗaga waya sai da ta sa na yi alwala, na dafa Alƙur'ani, na rantse idon namiji ba zai ga abin da zan ɗauka ba. Akwai Zeinabou, ƙawata tun muna lakwal, makarantar boko, wadda da ƙyar mijinta ya bar ta ta zo. Ta riƙe ɗankwalinta ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce ta cire, a wuyana.

To ga damuwar. Sabuwar wayar da na yi ɗaukan da ita ta fi ƙarfin ordinatar ɗina, kwamfutar nan da nake ce wa Gwaggo saboda nawarta da mitarta. Na zuba mata bidiyon, in na buɗe sai murya kawai, gilashi baƙi ƙirin. Can sai ta ɗau zafi, fankarta ta yi ta huci, ta mutu. Da wani aikin ne da tuni na kai wa masu montaj na Magaria su haɗa mini bidiyon, amma duk maza ne. Hajiya kuwa ta fara aikowa ana tambaya.

Na kwashi adashe. Ka faɗa mini irin wadda zan saya, ka yi mini bayani da Hausar mutane, ba ta 'yan lise, ɗalibanka na sakandare, ba. An ce a Damagaram ana karɓar tsohuwa a yi ciko a ba da wata. In haka ne, Gwaggo ta gama zamanta a gidan nan.

Taubashiyarka,
Safiatou

*

Damagaram, Yuli

Safiatou,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya. Aziza na gaishe ki, ki duba mini Inna da ƙafa. Maganar fartanya kuwa, wadda ta gudu daga gona ta koma ɗaukar hoton masu rawa ba ta da bakin yi mini gori.

Gwaggo ba mugunta take miki ba. Wayoyin yanzu suna ƙulle bidiyo da wani sabon ƙulli mai nauyi, ita kuwa an haife ta kafin a san shi. Shi ya sa take jin murya ba ta ganin hoto.

Abin da za a fara dubawa shi ne ƙwaƙwalwar injin. In an ce i5 ko i7 kar ki yi murna tukuna, sai an ga shekararta, don akwai i7 da ta girmi Gwaggo. Sai ram, wato filin da take shanya aiki a kai lokacin da take yi. Gwaggo jiga huɗu gare ta, kamar ki ce za ki shanya geron gona guda a faifai. Ke sha shida kike buƙata, kar a ruɗe ki da takwas. Ma'ajiyar da ake ce wa dis, a samu irin sabuwar nan da ba ta juyawa, ta fi sauri kuma ba ta tsoron jijjigar hanyarku. Dole kuma a samu kart garafik, shi ne mai ɗaukar nauyin hoto, in babu shi kina yanka bidiyo tana tsayawa tana tunani. Gilashin ma a duba, akwai wanda ke mai da jan lalle ruwan ƙasa, ki gyara fuskar amarya a kansa, a wayar uwarta ta fito kamar mai shawara. Tunda da pano na hasken rana kuke samun wuta, batir mai daɗewa ya fi miki kyan murfi.

Akwai wani Husaini mai butik, shagon injuna, kusa da tasha, na ga guda a wurinsa da ta cika duk wannan. Ta hannu ce amma lafiyayya. Ya yarda zai karɓi Gwaggo a yi ciko, ya ce kuma akwai wani da ke zagayen injin, kar mu yi sanyi. Na nuna wa Isufu butik ɗin don ya san wurin. Zan sake rubuto miki yadda za ki shirya Gwaggo kafin ta taso.

Kaina na ɗan sarawa tun jiya, sauro ya yi yawa bana.

Naki,
Abdoul Razak

*

Guci, tsakiyar Yuli

Abdoul Razak,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya sa kan ya sauka, ka sha magani kar ka tsaya taurin kai. Inna da sauƙi.

Na karanta bayaninka har na haddace, jiya na yi wa Inna wa'azin ram tana tankaɗe. Da na ga ka ce wani na zagayen injin sai hankalina ya ƙi kwanciya. Ka ce za ka rubuto yadda zan shirya Gwaggo, na ce wannan kuma ai ba sai malamin lise ba. Na kwashe bidiyon bikin na mai da cikin katunan memuwar na ajiyar hoto, na ƙulle su a lalitata. Sannan na bi na goge komai daga cikin Gwaggo, ɗaya bayan ɗaya, har fuskarta ta zama fayau. Na share ta da tsumma, na naɗe ta a tsohon zanen Inna, na ba Isufu tare da cikon. Na ce ya wuce da ita butik kai tsaye, takardar nan kuma ya ajiye maka a gida.

Wallahi da motar ta tashi sai da na ji wani iri, shekarunmu nawa tare. Amma na huta da hucinta. Ka karɓo sabuwar ka gwada ta kafin ka aiko.

Safiatou

*

Damagaram, Yuli

Safiatou,

Ina gaisuwa. Ban jira amsarki ba, ga wani mai mota zai bi ta Dungas, na ce ya miƙa miki. Zazzaɓi ya fara kama ni sosai, ki yi haƙuri da rubutun.

Kar ki aiko Gwaggo tukuna. Ki karanta nan da kyau. In kin goge abu a ordinatar, bai tafi ba. Yana komawa wani wuri da ake ce wa korbel, kwandon shara ke nan, yana nan zaune cif, duk wanda ya buɗe kwandon ya danna sau ɗaya sai ya dawo. Ko an zubar da kwandon ma, masu gyara suna da hanyar tono shi. Kuma na san halin masu sayen injin hannu, abin da suke fara leƙawa ke nan, ko za su tsinci fim ko hoton mutane.

Ga abin da za ki yi. Ki kifa ta, a bayanta akwai ƙaramin murfi mai kusoshi biyu. Ki kwance, za ki ga wani ƙarfe mai faɗin tafin hannu, shi ne dis. Ki zare shi ki ajiye a wurinki. Gangar jikin kawai za ki aiko, zan daidaita da Husaini. Da ban san rantsuwar da kika yi ba da ban dame ki ba.

Abdoul Razak

*

Guci, ƙarshen Yuli

Abdoul Razak,

Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Allah ya ba ka lafiya.

Takardarka ta ƙarshe sai yau ta iso. Ruwa ya cinye hanya, motar ta kwana biyu a Dungas, mai motar kuma ya manta ta a aljihu har sai da ya zo cin kasuwa. Gwaggo ta fi mako da tafiya. Ban cire komai ba. Ban ma san akwai wani kwando ba.

Ina karantawa na zauna a bakin rijiya da takardar a hannu. Na hau tudu na kira ka, wayarka a kashe. Na sake kira, a kashe. Mazan da ke zaune suka yi ta gaishe ni, ɗaya daga cikinsu mijin Zeinabou ne, yana latsa wayarsa yana murmushi. Wallahi na ɗauka abin yake kallo. Da ƙyar na gane ƙwallo ce.

Don Allah, don zumuncin kakanninmu, kana karanta wannan ka tashi ka je wurin Husaini. Kar ya kunna ta. Kar kai ma ka kunna ta. Ka ciro ƙarfen ka aiko mini, in ya ce ya fasa cinikin ya fasa, na yafe sabuwar.

Tsoro nake ji, Abdoul Razak.

Safiatou

*

Guci, farkon Agusta

Abdoul Razak,

Ina fata lafiya. Isufu ya je ya dawo hannu wofi. Ya ce ya tarar da gidanka a kulle, ya zura takardar ta ƙarƙashin ƙofa. Na tambaye shi Gwaggo, ya ce shi dai ya miƙa wa mai butik tun tuni, me kuma ya faru? Na ce ba komai. Ka san bakin direba, tasha tasha yake sauke labari.

Shirun nan naka ya fi komai tayar mini da hankali. Na koma takardarka inda ka ce ka san halin masu sayen injin hannu, na yi ta juya maganar. Ko ka riga ka ji wani abu ne ka rasa yadda za ka faɗa mini? Ko ka buɗe ka gani ne kunya ta hana ka rubutu? In haka ne ka faɗa, gara in sani.

Abinci ba ya shiga. Inna ta ɗauka mayu ne, ta sa an yi mini rubutu. In na ji samari sun taru kan waya ɗaya suna dariya sai in sake hanya. Shekaranjiya Zeinabou ta aiko mini da dambun zogale, da saƙon wai in an gama fim ɗin ita za ta fara gani, don ta san ta fi kowa iya juyi. Na kasa ci. In abin nan ya fita, ba sana'ata nake ji ba. Aurenta nake ji, da na wasu da yawa, da furfurar Hajiya a wayar yaran tasha. Ga kuma Alƙur'anin da na dafa da hannuna.

Ka yi magana.

Safiatou

*

Damagaram, Agusta

Safiatou,

Ina gaishe ki. Ki yafe mini shirun, palu ce, zazzaɓin sauro, ta kwantar da ni a asibiti, Aziza na jinya, yara na gidan iyayenta. Jiya aka sallame ni, na tarar da takardunki uku a bayan ƙofa. Ban ga komai ba, ban ji komai ba, ki cire wannan daga ranki. Amma labarin da zan ba ki ba mai daɗi ba ne.

Ko zama ban yi ba na hau kabu-kabu zuwa butik. Husaini ya sayar da Gwaggo tun washegarin zuwanta. Bai kunna ta ba, ya ce cajinta ma ya ƙare. Wanda ya saya sunansa Khalil, mutumin Dantchiao, yana da rumfa a bakin tasha. Sana'arsa tura wa mutane finafinai da waƙoƙi a waya.

Na san abin da wannan ke nufi, ke ma kin sani. Gwaggo ba ta iya nuna hoton, amma in ya tura shi cikin wata sabuwar waya zai buɗe tas. Husaini ba shi da lambarsa. Ko da akwai ma ba zan kira ba, don in ka ce wa mutum kar ya leƙa wuri, ka nuna masa wurin ke nan. Ni ƙafata ba ta ɗaukata zuwa ko'ina yanzu, kuma kin fi ni kusa. Ki je da kanki, kar ki jira ranar kasuwarsu, ran nan ne rumfarsa ke cika. Kuma kar ki je ke kaɗai. Mace ita kaɗai tana roƙon a ba ta abin cikin inji, sai ya ƙara son sanin ko mene ne.

Laifina ne da ban faɗi maganar dis tun a takardar farko ba. Sabuwar na karɓo ta, na ba Isufu.

Abdoul Razak

*

Guci, Agusta

Taubashina,

Assalamu alaikum. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, a gaida Aziza da ɗawainiya. Inna lafiya, gero ya fara fitar da kai.

Ka ce kar in je ni kaɗai. Na duba duk garin nan, ba wanda zan iya faɗa wa sai wadda na fi tsoro. Na sami Hajiya Yakura tana yankan kuɓewa, na durƙusa na faɗa mata komai, tun daga kwandon har rumfar. Na so ta zage ni, ko ta jefe ni da wuƙar. Ba ta yi ba. Ta gama yanka wadda ke hannunta, ta wanke hannu, ta ce wa mai gidanta za ta dubiya Dantchiao, ta ɗauki mayafi. Muka kama hanya tare, da ramukanta da ruwanta.

Rumfar ba ta da wuyar ganewa, waƙa na tashi, wayoyi jere a kan tebur suna caji. Ga Gwaggo a tsakiya, an ɗora ta kan bulo biyu don ta sha iska. Khalil ɗin magidanci ne, ba yaro ba. Da ya ji mun ambaci injin sai ya ɗauka daga wurin Husaini muke, ya hau faɗa, wai an cuce shi. Ya ce ya sami manyan finafinai a kwandon shara ya dawo da su, ga kiɗa ga guɗa, amma hoto ya ƙi fitowa. Ya gwada tura ɗaya a wayar wani, kafin a kai rabi ta yi zafi ta mutu. Ya sake, ta sake mutuwa. Yanzu jira yake ƙaninsa ya zo daga Kano ranar kasuwa da babbar ordinatar, a zuba a ciki a ga ko wane fim ne. Kasuwar kuwa washegari ce.

Don ya nuna mana gaskiyarsa sai ya danna. Kafin in kai hannu kiɗan ƙwarya ya cika rumfar, ga muryar mace tana ba da waƙa mata na amsawa. Gilashi baƙi. Ni dai idona na kansa, ina roƙon Allah kar yau ce ranar da Gwaggo za ta ga dama. Mutanen da ke zaune a benci suka miƙa wuya.

Hajiya ta matsa kusa da shi, ba ta ɗaga murya ba.

"Muryar da kake ji tawa ce," in ji ta. "Na haifi kamarka. Sauran kake so ka gani?"

Abdoul Razak, ban taɓa ganin namiji ya rufe inji da sauri haka ba. Ya sunkuyar da kai, ya ce wa na benci su ba shi wuri, ya rantse bai ga ko inuwa ba kuma ba abin da ya shiga wayar kowa. Da hannunsa ya kwance murfin, na zare ƙarfen yadda ka kwatanta. Ka ce wa Husaini ya aika masa da wani dis, a kaina.

Da muka dawo Hajiya ba ta bar ni na wuce gida ba. Ta sa aka fito da turmi, ta jefa ƙarfen ciki, ta miƙo mini taɓarya. Na daka har ya zama tarkace, tana tsaye. Sannan ta ce ido na rantse a kai, ido kuma bai gani ba, sauran tsakanina da Allah. Amma daga yau inji da katuna a ɗakinta za su zauna, in zan yi aiki in zo in yi a gabanta, ƙofa a rufe. Na ce na yarda. Zeinabou ba ta san komai ba, Hajiya ta ce a bar ta haka.

Sabuwar ta iso, tana cikin akwatin Hajiya tare da zannuwanta. Jiya muka kunna. Na sa kati, ban gama ɗauke yatsa ba sai ga tsakar gidan nan ta cika gilashi. Ga Zeinabou tana juyi tana dariya, ana iya ƙirga kitson kanta, har zufar wuyanta ana gani. Ba huci, ba tsayawa. Ka iya zaɓe, ban ƙi ba. Amma sai na waiwaya na duba ƙofa, alhali ni na sa sakatar.

Na yi shekaru ina zagin Gwaggo a kan abin da ta kasa, ashe shi ne zai rufa mana asiri. Wannan da ka aiko ba ta ƙin kowa, duk wanda ya danna za ta nuna masa. Ka rubuto mini yadda ake kulle ta, dalla-dalla, kar ka bar komai sai takarda ta gaba. Wannan karon ba zan taɓa komai ba sai amsarka ta zo.

Taubashiyarka,
Safiatou